Alayyafo a Kwanukan Jere

Bana bazara ta shigo Tanut da ƙarfinta. Tun hantsi ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa, kaji sun saki fukafukai suna haki a gindin randa, ni kuma na ja tabarmata zuwa inuwar dogon yaro, inda lambuna yake. Na ce lambu, amma kada wani ya zaci fadama gare ni. Bidon mai ne, wato jarka, da aka raba biyu, da gwangwanayen tumatir, da bokitin da gindinsa ya tsage, da wata tukunyar ƙarfe da ta gama bautarta a murhu, duk na jera su a jikin katanga. Alayyafo ne a ciki da yakuwa da lalo da tattasai, sai na'ana'a saboda masu shayi. Ba na sa musu takin kanti. Kashin awaki da toka da ɓawon albasa sun ishe su.

Jikata da ke karatu a Damagaram ta zo hutu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar hoto da waya. Wai yanzu abin da ake yayi ke nan har a manyan birane, mutum ya shuka kayan miyarsa a cikin abin da da zai jefar a juji. Na ce mata madalla, amma yayin nan da kaɗan uwarki ta girme shi. Ta yi dariya, ta ɗauka irin zolayar da na saba ce. Da la'asar ta yi sanyi na ɗauki buta ina ba su ruwa, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikin ƙarfe mai zafi ya buge ni. Ƙamshin nan ba na damina ba ne, nasa daban ne, kuma duk bazarar da na shaƙe shi sai ya mai da ni ƙauyen su maigidana, gabas da Ollelewa, shekarar da na huda jerena.

Damina biyu ce ta ƙi mu, wata bayan wata. Ta farko gero ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. Ta biyu kuwa shuka muka yi ta yi iska tana tonewa, har iri ya kusa ƙarewa aka haƙura. Ƙasarmu ta Damergu da raƙuma ke zuwa awon gero tun zamanin kakanni, sai ga mu muna leƙa rumbu ba ko ɓera. Maza masu ƙarfi suka yi kudu neman abin da za su aiko, maigidana a cikinsu. Gidanmu ya rage daga Baba, mahaifinsa, wanda tsufa ya hana tafiya, sai Inna, mahaifiyarsa, sai ni da ƴata.

Ƴar fari ce, don haka sunanta na yanka ba ya fita daga bakina, har yau da furfura ta fara fito mata. Lami ake ce mata don ranar Alhamis ta zo, kuma ko shi a gaban surukaina ba na faɗa, "yarinyar nan" nake cewa. Tun da aka yaye ta a ɗakin Inna take kwana, Inna ke mata wanka, Inna ke mata kitso. Ni nawa kallo ne ta wutsiyar ido, in an kama ni ma in sha zolaya. Lokacin ta fara famfara, baki duk giɓi, ga surutu.

Kwanakinmu duk iri ɗaya ne. Da an yi sallar asuba mu mata mu kama hanyar rijiya. Rijiyoyin Damergu zurfi gare su, in ka jefa tsakuwa sai ka gaji da jira kafin ka ji saukarta. Da can shanu da jakuna ke jan guga. Shanun sun mutu, jakunan da suka rage ko kansu ba sa iya ja. Sai mu jeru a jikin igiya mu yi ta tafiya da ita har mu yi nisa, guga ya fito rabi ruwa rabi laka. Tafin hannuna ya yi kanta har ba na jin zafin tukunya. Kafin rana ta take mu dawo da tulu ɗaya ko biyu, shi ne na sha, shi ne na girki, shi ne na alwala. Daga nan sai daji tsinkar anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. Jiga da aduwa da ke kusa an riga an zage ganyensu tas, mutane da dabbobi, saura ƙaya. In kamyon taimako, wato babbar motar hatsi, ya zo Ollelewa a samo ƴar jar dawa, mu surfa, mu niƙa, mu tuƙa. Tuwo dai akan samu wani lokaci. Miya ce babu. Kuka ta ƙare, busasshiyar kuɓewa ta ƙare, daddawa ta zama labari. Ruwan gishiri da ɗan barkono muke tsoma loma a ciki mu haɗiye.

Wata magariba na ga Lami ta taso daga ƙofar ɗakin Inna za ta zo wurin tuwo, ta yi karo da turmi. Turmin nan tun kafin a haife ta yake wurin. Ta tashi ba ta yi kuka ba, ta miƙa hannu gaba tana lalube, ta bi katanga har ta iso. Da aka ajiye kwano ta sa hannu a ƙasa, gefensa. Na dubi Inna, don ba ni ce mai cewa ba.

Inna ta ɗaga fuskar yarinyar zuwa sauran hasken yamma, ta ce, "Ke, tun yaushe?"

"In rana ta faɗi ne kawai, Inna. Da safe ina gani."

"Dundumi ne," in ji Inna, ta saki haɓarta a hankali.

Maganin dundumi kowa ya san shi, gasasshiyar hanta ce. To, ina hantar? Mahaucin garinmu ya bi sauran maza. Baba ya ɗauki sandarsa ya taka har kasuwar Ollelewa, ya dawo da yamma ƙafafu a kumbure, da wata ƴar hanta da ba ta kai tafin hannun yaro ba. Lami ta ci, ido ya ɗan washe na ƴan kwanaki, abin ya dawo. Tsohon ba zai iya wannan tafiya kullum ba, kuma ko ya iya, yanka a kasuwar ya zama sai an dace.

Akwai wata Buzuwa, Gaisha, da ta gangaro daga wajen Tarka bayan garkensu ya ƙare, ta kafa ƴar bukkarta kusa da rijiya. Tare muke jan igiya, ita a bayana. Na ba ta labari ƙasa-ƙasa, don kada a ji ina zancen ƴar fari. Ta ce da Hausarta ta Buzaye, "A wajenmu na gani. Farko dare ne yake tafi. Bayan nan ido ya bushe, fari ya fito. In farin ya hau baƙi, rana ma ta tafi, ba ta komowa." Ranar ban san yadda na kawo tuluna gida ba.

Abin da ya faɗo mini shi ne maganar mahaifiyata. Ta sha gaya mana dundumi da bazara yake zuwa, da tafasa da lalo sun fito an fara miyar ɗanyen ganye sai a neme shi a rasa. Amma damina da sauranta, in ma za ta zo, kuma idon yarinya ba zai jira ta ba. Na ce a raina, to, in ganye ne, ni zan fito da shi. Iri ina da shi. Kowace mace a lokacinmu tana da goran irinta a rataye a rufin ɗaki, ƙulli-ƙulli a tsumma, alayyafo da yakuwa da lalo da kuɓewa. Yunwa ba ta kai gare su ba don ba abin da za a tuƙa da su.

Na fara a ƙasa, bayan ɗakina. Yashin Damergu ya nuna mini halinsa. In zuba ruwan da na sha wuyar jawowa, kafin in miƙe ya shanye, wurin ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Abin da ya yi ƙoƙarin tsirowa gara ta cinye. Na koma fasasshen tulu da kasko, su kuma yumɓu ne, su tsotse ruwan su ba iska. Abu ɗaya ne ya riƙe danshi har yamma, wani tsohon kwanon samira mai huda a gindi, wanda muke zuba wa kaji dusa lokacin da muke da kaji. A cikinsa alayyafo ya fito kore shar. Na tsuguna na ƙiyasta ganyen da zai bayar, ko miyar yini ɗaya ba zai yi ba. Irinsa nake buƙata da yawa, kuma na san inda suke.

Ƴan yanzu ba su san jere ba, armuwar mai gilashi, wato kabad, suka sani. A lokacinmu darajar ɗakin mace jerenta ne, kwanukan samira da langa da fanteka masu furanni, ɗaya bisa ɗaya a jikin bango har rufi. Ba a cin abinci a ciki, ba a ba da aro. Sai dai a sauke su gabannin salla a wanke a mayar. Baƙuwa in ta shigo, bakinta na gaisuwa idonta na ƙirga. Nawa mahaifiyata ce ta tara mini da sana'ar man gyaɗa da ƙuliƙuli tun ina goye, kuma kowa ya sani ba nawa ba ne ni kaɗai. Ajiya ce, da shi za a kai Lami ɗakinta wata rana. Ko a yunwar nan mace takan rabu da zanenta da awarwaronta kafin ta taɓa jere.

Na sauke biyu a ɓoye na shuka ba tare da na huda ba, don so nake in sami ganye in kuma mai da kwanona yadda yake. Ruwa ya kwanta a gindi, rana ta dafa shi, tsiron ya yi rawaya ya ruɓe, ƙasar ta yi wari. Kwanaki suka tafi a banza, a cikinsu kuma na ga wani fari-fari kamar kumfar sabulu ya fito a gefen idon Lami, ta fara murzawa tana cewa yashi ne a ciki. Daga nan shawara ta ƙare.

Bayan azahar na fito da jeren gaba ɗaya zuwa tsakar gida, na kife su. Na zaro ƙusa a jikin tsohuwar ƙofa, na ɗauki ɗan dutsen niƙa. Na fara da babbar fanteka mai jan fure, wadda na fi so, don na san in na huda ta sauran ba za su ba ni wuya ba. Ƙarar ta cika gidan. Fentin ya tsage ya yi tsalle, baƙin ƙarfe ya bayyana.

Inna ta fito da ɗankwali a hannu. Ta dubi kwanukan, ta dube ni.

"Ke ƴar nan, lafiyarki?"

"Lafiya lau, Inna. Shuka zan yi."

"A jere? In yunwa ce ta kai ki, ai sai ki bari a kai kasuwa, ko tiya ɗaya ta hatsi a samo."

"Wa ke sayen kwano bana, Inna? Ko an saya ma, ba ɗanyen ganye a kasuwar."

"To in kin huda su, ranar da ta tashi aure da me za ki kai ta?"

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa mai da wa Inna magana ba. Kaina a sunkuye, ƙusa a hannu, na ce, "Da idonta."

Sai ta fito da abin da ya fi ci mata rai. "Kuma a kan ƴar fari. Gari ya ji kin fasa ɗakinki a kan ƴar fari, ina kika ajiye kunya? Ni na mutu ne?"

Nan ne na ji tausayinta, don na gane ba kwanukan kaɗai ba ne. Yarinyar tata ce, a ɗakinta take kwana, ita ke jin ta tana lalube, kuma ba ta da abin da za ta yi mata. Amma tausayi bai sa na ajiye ƙusar ba. Baba yana zaure yana jin komai. Ya yi gyaran murya ya ce, "Wanda ta huda ba ya ɗinkuwa. Ku bar ta ta ƙarasa." Na ƙarasa kuwa, har ƴan ƙananan kwanukan miya.

Kafin magariba labari ya zaga gari. Washegari a rijiya mata suna ba ni hanya kamar mai ɗauke da wuta. Wata ta ce zafi ne ya taɓa ni, wata ta ce dama mutanen Falanko haka suke, ba sa jin magana, don can ne garinmu. Na ci gaba da jan igiyata. Lokacin ba ni da baki, daga baya ne na rama.

A gindin kowane kwano na shimfiɗa tsingaron fasasshen tulu don kada ƙasa ta toshe hudar. Ƙasar kuma ba yashin tsakar gida ba ne. Na ɗebo ta gindin gawo, na haɗa da ta suri, da tsohon kashin awaki na turkenmu da ya zama kango, wanda ya ruɓe ya yi laushi, da ƴar toka. Na barbaɗa iri, na rufe da ƙaiƙayin dawa don kada rana ta sha danshin. Manyan na ɗora su a kan duwatsu, ƙananan a ƙarƙashinsu, abin da ya ɗiga daga na sama na ƙasa ya sha. Ba ɗigon da ya taɓa yashi da yardata.

Ruwa ne yaƙin. Ban ƙara ko moɗa ɗaya a kan abin da muke jawowa ba, sai dai kowane ruwa ya yi aiki biyu kafin ya tafi. Ƙasari, wato ruwan wankin dawa, da can na akuya ne, akuyar kuwa babu ita. Ruwan ɗaurayar kwano in ba sabulu, ruwan wanke hannu, duk a tara a ƙwarya. Sau ɗaya na zuba na jiƙon anza, kwano guda ya ƙone ƙurmus kafin yamma, ban sake ba. Baba ne ya ba ni mamaki. Ba wanda ya roƙe shi, sai na ga ya ɗauko butarsa daga zaure ya tsuguna a kan fanteka yana alwala, a hankali, yana karkata gwiwar hannu don ruwan ya sauka inda ya kamata. Daga ranar bai sake yin alwala a kan yashi ba. Har ya sa na riƙa kai fanteka biyu bakin zaure da azahar da la'asar, tsoffin da ke zama da shi su yi tasu a kai, suna gunaguni wai an mai da su masu ban ruwa.

Alherin kwano shi ne yana tashi. Da safe su sha rana a gabashin ɗaki, da ta fara cizo in kwashe su zuwa inuwar rumbu, da la'asar in dawo da su. Fanteka cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ba abin wasa ba ce, sai Gaisha ta riƙa biyo ni daga rijiya tana kama mini gefe ɗaya. Ƙadangaru suka gano mu, don duk garin ba wani kore sai nan, na kewaye da ƙayar aduwa na lulluɓa tsohon zane. Tsutsa ta zo, na daka ganyen dogon yaron masallaci da barkono, na jiƙa na yayyafa, na bi da toka. Yau ma in tsutsa ta shiga bidona haka nake yi, sai dai yanzu ruwan daga pompo yake zuwa, jikata ta murɗa kawai. Gwangwanin da take shura da ƙafa a kan hanya, a wancan lokaci da an yi masa murfi an ajiye gishiri a ciki.

Ganye ya kai tsawon yatsa ranar da iskar zafi ta taso daga gabas, irin wadda ke busar da leɓe tun kafin a yi magana. Kafin azahar alayyafon ya langaɓe, inuwar rumbu ba ta hana komai ba. Gaisha ba ta nan, ta tafi anza. Na fara kwasa zuwa cikin ɗakina ni kaɗai. Ƙananan dai na iya, da na zo kan babbar fanteka na ɗaga ta ƙi, na sake ɗagawa bayana ya amsa. Ina tsugune a kanta iska na watsa mini yashi, hawaye ya zo mini, na baƙin ciki tsantsa. Sai na ga hannu ya kama ɗaya gefen. Inna ce. Tun ranar ƙusa maganarmu ba ta wuce gaisuwa.

"Ɗaga mana," ta ce. "Kin tsaya kina kallona."

Muka shigar da su duka. Da wuri ya ƙare a ɗakina ta ce a kai sauran nata. Muka toshe ƙofa da tabarma, muka zauna a duhun ɗaki da rana tsaka, kwanukan jere a ƙasa kewaye da mu. Ta dube su ta ce, "Uwarki dai ta iya zaɓen kwano." Iyakar abin da ta ce ke nan, ni kuma na karɓa a matsayin sulhu. Mun rasa kwano biyu na lalo, sauran suka farfaɗo da yamma.

Ranar tsinkar fari ban tuge ko ɗaya ba, ganyen gefe na bi ina tsinka da farce don uwar ta sake tofo. Ya cika ƴar ƙwarya. Baba ya shiga ɗakinsa ya fito da gyaɗa cikin tafin hannu, daga irin da ya ɓoye wa damina, wanda ko ranar da muka kwana da yunwa bai taɓa ba. Ya ce, "A daka mata a ciki. Ganye ba maiƙo ba ya zama a jiki." Na dafa a ƙaramar tukunya. Ƙamshin alayyafo da gyaɗa ya tashi a gidan da ya manta da ƙamshin miya, yawuna ya tsinke har ina jin kunyar kaina. Na miƙa wa Inna kwanon, ita ta ba ta, ni ina daga bakin murhu ina juya itace. Lami ta cinye ta suɗe, ta ce, "Gobe ma akwai?"

Inna ta ce, "Tambayi mai gonar."

Gobe ma akwai, jibi ma akwai. Alayyafo in ana tsinka ƙara fitowa yake, yakuwa ta biyo shi, na riƙa shuka sabo a kwanon da ya gaji. Mu manya tukunyar muke ɗaurayewa mu tsoma tuwo a ruwan. Ba a daɗe ba matan da suka ce zafi ya taɓa ni suka fara shigowa gaishe da Inna, gaisuwar da ba ta ƙarewa sai an zagaya bayan rumbu. Ashe ba gidanmu kaɗai ake lalube da magariba ba, kowa ɓoyewa yake. Na ba su dashe, na ba su iri, na nuna musu tsingaro da ƙaiƙayi. Ƙusata ta zaga gari gida-gida. Tsofaffin tasoshi da butocin da ke yoyo da kwanukan da aka yar a juji duk aka tono su. Jere dai ba wadda ta taɓa nata, wannan hauka nawa ne ni kaɗai, kuma har yau ina alfahari da shi. Gaisha ma ta shuka yakuwa a wata tsohuwar butar shayi a bakin bukkarta, ita da ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa binne iri ba.

Amma idon Lami bai yi saurin da na so ba. Murzar ta ragu, farin nan na gefe kamar ya ja baya kamar bai ja ba. Da rana ta faɗi takan nemi gindin katanga ta zauna, ta saba, ba ta ma gwada tashi. Kullum da safe Gaisha ta buɗe mata ido da yatsa ta duba, ta ce, "Bai hau baƙi ba," ba ta ƙarawa. Ni kuma in na shiga ɗakina in ga bango fili, sai shatin inda kwanuka suka zauna, in tambayi kaina ko na makara. Jeren bai dame ni ba. Tsorona kada in yi duk wannan, yarinyar kuma ta makance a gabana.

Wata ya mutu, wani ya kama. Hadari ya fara leƙowa daga gabas yana watsewa, zafi ya ƙaru, irin na gab da damina da ko numfashi sai da ƙoƙari. Wata magariba bayan an idar da salla muna zaune tsakar gida, ina kwashe tuwo. Haske ya kusa ƙarewa, ni kaina sai na matsa kusa nake gane fuskar mutum. Inna ta miƙe ƙafafu a kan tabarma tana jan carbi, Lami tana can gindin katangarta, nesa da ita.

Sai muka ji yarinyar ta ce, da muryarta ta kullum, "Inna, janye ƙafarki. Ga kunama nan."

Inna ta janye. Baba ya zaro itace mai ci daga murhu ya haska, ga ta kuwa, baƙa, ta ɗaga ƙari, a bakin tabarma daidai inda diddigen tsohuwar yake. Ya take ta da takalmi. Inna tana salati tana kakkaɓe zane, Baba yana faɗa wai ba a share gindin itace, ba wanda ya lura da komai sai ni. Na tsaya da mara a hannu ina kallon yarinyar.

Can carbin Inna ya tsaya. Ta juya a hankali.

"Ke, wa ya gaya miki kunama ce?"

"Na gan ta mana. Daga ƙarƙashin itacen can ta fito."

"Daga nan inda kike kika gan ta?"

"I. Ga ma wani ƙwaro can yana hawa rigar Baba, amma shi ba ya harbi."

Ta tashi ta ratsa tsakar gida, hannuwanta a sake, ta tsallake muciyar da na yar, ta je ta kaɓe wa kakanta ƙwaron.

Ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba. An daɗe ba a ji guɗa a garin nan ba, ba biki, ba suna mai armashi. Na yi ta farko, na ja numfashi na yi ta biyu, a gaban Baba, a gaban Inna, ban ji nauyin kowa ba. Maƙwabta suka shigo da gudu, wasu da hannun tuwo, suna tambaya wa ya haihu, ko kuwa maza ne suka dawo.

Inna ta buɗe baki za ta ba su amsa, na riga ta.

"Ba ko ɗaya," na ce. "Ƴata ce ta ga kunama."